Yadda ake ciro jerin launuka daga hoto ba tare da an bar mafi kyawunsu a baya ba

A ce ka ci karo da wani hoto ya tsaya maka a rai. Teku ne da yamma, sama ta yi shuɗi-shuɗi mai haske, ga yashi a bakin gaɓa, can tsakiyar ruwa kuma ga wani ɗan kwalekwale ja jawur kamar garwashi. Ka ce lallai waɗannan launukan za ka zuba a fostar da kake haɗawa, ko a shafinka na intanet. Ka loda hoton a manhajar ciro launi, nan take ta miƙo maka guda biyar: shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, wani shuɗin kuma, ruwan toka, ruwan ƙasa. Ina jan? Ko ƙyallinsa babu. Alhali don shi ka tsaya kan hoton.

Ba lalacewa manhajar ta yi ba. Ƙidaya take yi, kamar malamin zaɓe: launin da ya fi yawan ƙuri'a shi ke cin kujera. Kwalekwalen nan bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na hoton ba, ruwa da sama sun cinye sauran. Ido kuwa ba ruwansa da yawa, abin da ya fita daban yake bi. Don haka aikin hannu biyu ne: na'ura ta ƙirga, kai ka zaɓa.

Kafin komai: mene ne launi a wajen kwamfuta?

Hoton dijital ɗigo-ɗigo ne aka jera, kowane ɗigo ana ce masa fiksel. Hoton da waya mai megafiksel 12 ta ɗauka yakan zama ɗigo 4000 a faɗi, 3000 a tsaye, wato miliyan 12. Kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Tsarin da ake kira RGB ke nan. In ka ninka 256 sau 256 sau 256, za ka samu launuka 16,777,216. Daga cikin wannan tulin kake son tsamo biyar ko shida.

Masu zane ba sa yawo da lambobi uku, sukan dunƙule su a lamba guda mai gurbi shida da ake ce wa heks. Jan kwalekwalen nan, alal misali, yana iya zama #C0392B. Gurbi biyun farko na ja ne, C0 daidai yake da 192. Biyun tsakiya na kore ne, 39 daidai da 57. Na ƙarshe na shuɗi, 2B daidai da 43. Fari #FFFFFF ne, baƙi #000000. Ba sai ka iya lissafin ba, manhaja za ta yi maka. Abin da ake so shi ne ka saba rubuta lambar, domin "shuɗi mai ɗan duhu" a bakinka daban, a kunnen abokin aikinka daban, amma #1F4E5F ko'ina ka kai shi ba ya canza suna.

Mataki na farko: nemo hoton asali

Nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba. Hoton da ya yi ta yawo daga wannan waya zuwa waccan ta manhajojin hira an matse shi sau da yawa. Tsarin JPEG yana rage nauyin hoto ne ta hanyar zubar da wasu bayanai, kuma bayanin launi yake fara sadaukarwa kafin na haske, saboda ido ya fi lura da haske. Yana yanka hoton murabba'i-murabba'i, ɗigo 8 sau 8, shi ya sa in ka zuƙo hoto sosai za ka ga dabbare-dabbare a gefen abubuwa. Launukan da ke wajen nan na bogi ne, ba a duniya kyamara ta gan su ba. Ka nemi a turo maka hoton a matsayin fayil, ko ka sauko da shi daga tushensa. In tambari ne ko zane, PNG ya fi, don shi ba ya zubar da komai.

Sai batun ma'aunin launi. Mafi yawan abin da ke intanet yana kan sRGB ne, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996. Amma wayoyin iPhone tun daga 2016 suna ɗaukar hoto da Display P3, manyan kyamarori kuma suna iya ɗauka da Adobe RGB. Lamba ɗaya a ma'aunai biyu ba launi ɗaya take nunawa ba. In shafin intanet za ka yi wa aiki, ka juya hoton zuwa sRGB kafin ka ciri ko da launi guda. GIMP, wato manhajar gyaran hoto, yakan tambaye ka da kansa in ka buɗe hoto mai wani ma'auni daban. A Photoshop kuma akwai "Convert to Profile" a ƙarƙashin "Edit".

Ka kuma kashe yanayin dare na fuskar na'urarka, wannan da ke sa komai ya yi rawaya-rawaya. Ba ya taɓa lambar da ke cikin fayil, amma yana ruɗar idon da zai yi zaɓin.

Mataki na biyu: kwafa, datsa, rage girma

Yi kwafin hoton, kada ka taɓa na asali. Datse duk abin da ba ka buƙata: farin gefe, rubutu, bangon da ba shi ya ja hankalinka ba. Duk ɗigon da ka bari zai kaɗa ƙuri'a. Daga nan ka rage girmansa zuwa kamar 200 a 150. Ɗigo 30,000 sun wadatar. Lissafin zai yi sauri, ƙananan gurɓatattun ɗigogi kuma za su narke cikin maƙwabtansu.

Mataki na uku: bar na'ura ta yi nata

Hanya mafi sauƙi ita ce shafukan intanet. Adobe Color yana da sashen "Extract Theme": ka ja hoton ka saka, ya ba ka launuka biyar, ya kuma ɗora ƙananan da'irori a kan hoton, daidai inda ya ɗebo kowanne. Amfaninsa a nan yake, domin kana iya jan da'ira ka kai ta inda kake so. Coolors da Canva ma suna da makamancin wannan. Sai dai ka tuna, hoto ne kake miƙa wa wani kamfani. In hoton mai ba ka aiki ne na kayan da bai riga ya fitar kasuwa ba, ko hoton iyalin wani, ni dai ba na lodawa. A kwamfutata nake yi.

A kwamfuta, GIMP kyauta ne kuma yana yin aikin tsaf. Buɗe kwafin, shiga "Image", sai "Mode", sai "Indexed". Zaɓi "Generate optimum palette", a gurbin yawan launuka ka rubuta 12, ka tabbata "dithering" yana kan "None". Wannan na ƙarshen dabara ce ta yayyafa ɗigogi masu launi daban-daban don ido ya ga kamar akwai launi na uku, kuma ba abin da muke nema ba ne. Da ka danna, hoton zai koma kamar an fente shi da launuka 12 kacal. Shiga "Windows", "Dockable Dialogs", "Colormap", za ka ga su a jere. Ka latsa kowanne, lambar heks ɗinsa ta bayyana a ƙasa. Photoshop ma kusan haka ne, ta "Indexed Color" da "Color Table".

Wanda ya saba da rubuta umarni, ImageMagick zai gama masa a layi ɗaya:

magick hoto.jpg -resize 200x200 +dither -colors 12 -depth 8 -format %c histogram:info:-

Zai jero launukan, kowanne da adadin ɗigogin da suka faɗa rabonsa. Ina son wannan hanyar saboda adadin nan. Shi ke nuna maka a fili cewa shuɗi ya kwashi dubbai, ja kuwa 'yan ɗaruruwa, in ma ya samu shiga.

Me ya sa na ce 12, alhali biyar kake so? Sai an leƙa cikin injin kafin a gane.

Dabaru biyu ne suka fi shahara. Ta farko, wadda Paul Heckbert ya wallafa a 1982, yanka a tsakiya ce. Ka ɗauka an zuba dukkan ɗigogin hoton a akwati, tsawonsa ja, faɗinsa kore, zurfinsa shuɗi. A duba ɓangaren da ɗigogin suka fi bazuwa, a yanka akwatin ta nan, ta yadda rabin ɗigogin za su faɗa dama, rabi hagu. A sake yanka, a sake, har a samu adadin akwatunan da aka nema. Daga nan a gauraya abin da ke cikin kowane akwati a fitar da launi guda. An ƙirƙire ta ne a zamanin da fuskar kwamfuta ba ta iya nuna launuka da yawa a lokaci ɗaya. Tsarin GIF da ya fito a 1987 har yau 256 ne iyakarsa a kowane hoto.

Ta biyu ita ce k-means, wadda Stuart Lloyd ya tsara a ɗakin binciken Bell a 1957, sunan kuma James MacQueen ya raɗa mata a 1967. Ita kamar kafa tutoci ce a fili. A kafa tuta biyar a ko'ina, kowane ɗigo ya tafi gindin wadda ta fi kusa da shi. A tuge kowace tuta a mayar da ita tsakiyar jama'arta. Da ta matsa, wasu ɗigogin sai su ga wata tutar ce ta fi kusa, su sauya sheƙa. Haka za a yi ta yi har kowa ya zauna. Da yake wurin kafa tutocin farko na kan-mai-uwa-da-wabi ne, za ka iya ba ta hoto ɗaya sau biyu ta ba ka amsa biyu masu ɗan bambanci. Kada abin ya ɗaure maka kai.

Dukkansu biyun da gaurayawa suke ƙarewa, kuma gauraya ita ce ke kashe launi. Ka haɗa ja tsantsa, 255, 0, 0, da kore tsantsa, 0, 255, 0, ka raba biyu, abin da za ka samu 128, 128, 0 ne: wani launi mai kama da ruwan kwata, wanda babu shi a ko'ina cikin hoton. In akwatuna biyar ne kawai, kwalekwalen zai faɗa akwati ɗaya da yashi, ko da inuwar ruwa, a dama su tare, ya fito ruwan ƙasa. In 12 ne ko 16, akwai alamar ya samu ɗakinsa shi kaɗai. Nemi da yawa, ka rage da hannunka. Ragewa ta fi ƙari sauƙi.

Masu rubuta manhaja da Python suna da Pillow, wadda umarninta na rage launi ke amfani da yanka a tsakiya in ba a ce mata komai ba, da scikit-learn mai k-means. Shawara guda gare su: a juya ɗigogin zuwa ma'aunin launi na CIELAB kafin a tara su. An tsara wannan ma'aunin a 1976 domin tazarar lamba ta yi kusa da tazarar da ido ke gani. A RGB ba haka abin yake ba, don ido ba ya ba launuka ukun nauyi ɗaya: a hasken da muke gani, kore ke ɗaukar kusan kashi 72 cikin 100, ja kamar 21, shuɗi 7 kacal.

Mataki na huɗu: tsamo na hannu

Yanzu koma kan hoton asali mai cikakken girma. Ɗauki kayan tsotsar launi, mai alamar kwalbar ɗiga maganin ido. A Photoshop harafin I ke kiransa, a GIMP harafin O. Kafin ka latsa ko'ina, gyara abu ɗaya: faɗin wurin da yake tsotsa. In ka bar shi yadda ya zo, ɗigo guda zai ɗauka, kuma ɗigo guda maƙaryaci ne. Zuƙo jikin kwalekwalen ka gani: wannan ɗigon ja ne, na kusa da shi ruwan hoda, na gaba ya yi baƙi-baƙi, can kuma wani ya yi fari saboda rana ta haska shi. Ka latsa sau uku a wuri ɗaya, ka samu lambobi uku. A Photoshop ka sauya "Sample Size" zuwa 5 sau 5, ko 11 sau 11 in hoton babba ne. A GIMP ka kunna "Sample average" ka ƙara faɗinsa.

Ka tsotsa daga tsakiyar abu, ba daga gefensa ba, domin a gefe launinsa ya riga ya cuɗanya da na maƙwabcinsa. Ka guji wurin da rana ta ƙone da wurin da inuwa ta rufe. Ni nakan ɗauki uku daga abu guda, na haske, na tsakiya, na inuwa, in ajiye su gefe da gefe a kan farin fili kafin in yanke hukunci.

Farin filin nan yana da dalili. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a harkar launi, kimar ma takan kuɓuce masa. A 1995 Edward Adelson na jami'ar MIT da ke Amurka ya zana wani allo mai gida-gida, masu haske da masu duhu, da wani abu tsaye yana jefa inuwa a kai. Gida biyu a allon, kowa zai rantse ɗaya mai duhu ne ɗaya mai haske, amma in ka tsotsa, lambarsu ɗaya ce. Ƙwaƙwalwa ce ke gyara abin da ido ya gani gwargwadon abin da ke kewaye da shi. Saboda haka kada ka yi mamaki in jan nan da ke ci kamar wuta a tsakiyar ruwa ya fito a kwance, ya dushe, da zarar ka raba shi da shuɗin. Shuɗin ne ke hura shi. A irin wannan hali ba laifi ba ne ka ƙara masa kauri kaɗan da hannu, har ya yi maka yadda ya yi maka a hoton. Abin da ka ji kake son kamawa, ba rantsuwa ka yi za ka bi lamba ba.

Mataki na biyar: tace, ka ba kowa aikinsa

Yanzu kana da kusan 15. Zubar da tagwaye: shuɗi uku masu kama da juna, ɗauki ɗaya. Sauran kuma ka tambayi kowanne aikin da zai yi. Kana buƙatar mai duhu sosai na rubutu, mai haske sosai na shimfiɗa, babban launi guda wanda zai riƙe zanen, mataimakinsa, da ɗan yaji guda. A hoton namu sai ya zama #14232B na rubutu, #1F4E5F na teku shi ne babba, #A9C4D4 na sama, #D9C7A3 na yashi, #C0392B kuma yaji. In hoton bai ba ka mai haske sosai ba, ɗauki na yashin ka yi ta ƙara masa haske har ya kusa zama fari. Ya fi farin tsantsa zama lafiya da sauran, tunda jininsu ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne bayan nan. Manhaja takan nuna launuka biyar a layi, kowanne da fili daidai da na ɗan'uwansa, sai mutum ya zuba su haka a zanensa, ya ga abin ya yi hayaniya, ya rasa dalili. A hoton ba haka aka raba ba. Jan ya yi kyau ne don ƙanƙantarsa. Masu ƙawata ɗaki suna da ƙa'idar 60, 30, 10: babba ya ɗauki kashi 60, mataimaki 30, yaji 10. Ba doka ba ce, ni sau da yawa goman ma takan yi mini yawa, amma ta fi raba-daidai nesa ba kusa ba.

Mataki na shida: gwada ko za a iya karantawa

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Launuka su yi kyau a jere daban, rubutu ya karantu a kansu daban. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafukan intanet sun sa ma'auni: bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari shi ne ƙoli, 21 bisa 1. Akwai shafukan da za ka zuba lambobi biyu su ba ka sakamako, irin na WebAIM, kuma Adobe Color ma yana da nasa.

Mu gwada namu. Farin rubutu a kan shuɗin teku ya kai kusan 9, lafiya lau. Shuɗin teku a kan na sama kusan 5, ya tsallake. Fari a kan shuɗin sama bai kai 2 ba, ya faɗi. Ja a kan fari ya haura 5, ya yi. To jan nan a kan shuɗin teku fa, haɗin da ya sa muka ƙaunaci hoton tun farko? Kusan 1.7. Warwas. Launinsu ya sha bamban, amma nauyin haskensu kusan ɗaya ne. Kwalekwale yana iya zama haka a kan ruwa, harafi ba zai iya ba. Hanyar gane wannan cikin sauri ita ce ka mayar da zanen baƙi da fari na ɗan lokaci. Duk abubuwa biyun da suka haɗe suka zama toka ɗaya, akwai gyara. Gwajin nan yana kuma taimakon masu matsalar bambance ja da kore, waɗanda yawancinsu maza ne, domin su da haske suke rarrabewa.

Ajiya, da maganar bugawa

Rubuta lambobin a fayil, kowace da sunan aikinta, ka ajiye tare da hoton da ka ciro su. GIMP yana adana jeri a fayil mai ƙarshen .gpl, manhajojin Adobe kuma .ase. Kada ka dogara da hoton fuskar waya da ka ɗauka na launukan, don in aka matse shi aka tura, lambobin sun gurgusa.

In aikin na takarda ne, akwai sauran rina a kaba. Fuskar na'ura da haske take haɗa launi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, tsarin CMYK, kuma akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawada ba ta kai wa. Shuɗi mai ƙyalli da kore mai ƙyalli su suka fi shan wahala. Na taɓa kai wani aiki wurin masu bugawa da shuɗin da na ciro daga hoto, mai kyau kamar ka lasa a fuskar kwamfuta. Ban nemi gwaji ba, su ma ba su ce mini komai ba. Da na je karɓa, sai ga tulin takardu duk sun karkata zuwa shunayya. Tun daga ranar nake juya launukana zuwa CMYK da kaina in ga yadda za su kwanta, in tambayi ma'aunin da injinsu ke aiki da shi, sannan in ce a buga mini kwafi ɗaya tak a kan irin takardar da za a yi aikin da ita. Takarda mai sheƙi takan riƙe kaurin launi, marar sheƙi kuwa shanye tawada take yi, launin ya dushe. Kwafin nan nakan fita da shi waje in duba a hasken rana kafin in ce a ci gaba.